Ɗakin da Na Fara Shiga

Ina da shekara ashirin da uku na shiga aikin kwana-kwana, kuma in za a faɗi gaskiya silima ce ta kai ni. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, sa'o'ina da muka gama makaranta tare kowa ya samu ofis mai fanka da kujera mai juyawa, ni kuwa na je na karɓo hular kwano da takalmin roba ina murna. Mahaifina, wanda ya so in gaje shi a karatun zaure, ya yi mako guda yana amsa gaisuwata da ka kawai. Na kama ɗaki a Tudun Wada, kusa da gidan silima, na ce masa don ya fi kusa da wurin aiki ne.

A shekarun nan aka yi yayin wasu fina-finan Turawa da babu komai a cikinsu sai bala'i. Yau wuta ta kama dogon bene, gobe ruwa ya ci gari, jibi ƙasa ta tsage ta haɗiye motoci da masu su. Mutanen unguwa sun fi son na Indiya, a yi rawa a yi waƙa a tashi, saboda haka duk ranar da aka sa na bala'i rabin benci babu kowa. Ni ba na fashi. Wani fim ɗin na kalle shi sau biyar, har mai yage tikiti ya fara tambayata ko na manta wani abu ne a ciki.

Na haddace yadda abin yake tafiya. Kullum akwai mace guda wadda ɗanta ya maƙale a cikin wuta, kuma ba sai an nuna maka ita ba. Ita ce mai ihu, gashi a barbaje, ƙarti biyu sun riƙe ta tana fizgewa. Jarumi zai dube ta sau ɗaya, ya toshe hanci, ya faɗa cikin hayaƙi, can sai ga shi da yaro a kafaɗa. Uwa ta ruga ta rungume ɗanta, mu kuma mu yi tafi da fito. Na kalli wannan har ya zauna mini a kai daram, kuma ban san ya zauna ba.

Aikin kansa bai yi kama da fim ba ko kaɗan. Yawancin yini wankin mota muke yi, motar da babu datti a jikinta, sai shanya mesa, sai dara a ƙarƙashin dalbejiya. Gidajen da ke da tarho ba su da yawa, don haka labarin gobara a kan keke yake zuwa mana, mai keken yana haki, ya kasa faɗin sunan layin. Kafin mu isa maƙwabta sun gama da bokiti, ko kuma wuta ta gama da gidan, sai a tare mu da baƙar magana. Wata rana a unguwar Hanwa wata tsohuwa ta tambaye mu ko mun zo ɗaukar toka ne.

Shugaban ayarinmu wani gajeren dattijo ne da muke kira Sajan, ya fara aikin tun zamanin En'e. Bai taɓa taka gidan silima ba, a ganinsa wurin 'yan iska ne, ni kuma ya laƙaba mini ɗan silima har sunan ya bi ni. Yana da wata ɗabi'a da take ƙona mini rai. Idan muka isa wurin gobara ba ya duban wutar. Sai ya nufi inda tsofaffin mata suka taru, ya rusuna, ya ce, “Inna, sannu. Su wa suka kwana a gidan nan? Wa ya zo da safe?” Mu muna tsaye da gatari, jikinmu yana rawa, shi yana gaisuwa.

Na taɓa yi masa magana a kai. Na ce, “Baba Sajan, wuta fa ba ta jiran gaisuwa.”

Ya ɓantari goronsa ya ce, “Wutar kowa yana ganinta, ɗan silima. Mutum ne ba a gani.”

Na ƙyale shi don girmansa, amma a raina na ce tsufa ne.

Abin ya faru da hantsi, cikin bazara, a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya sayi babur. Babura sun cika gari, fetur kuma ya yi wuya, a ƙasar da ake haƙo shi. Duk wanda ya samu galan biyu sai ya kai gida ya ɓoye, wani a ƙarƙashin gado, wani a ɗakin ajiya kusa da buhun masara. Mun yi ta gargaɗi, babu mai ji. Ranar wani tela ne ya zo a guje ya ce wuta ta tashi a wani gida a bayan kasuwar Tudun Wada, kuma an ji ƙara kamar ta bindiga.

Lungun gidan ya yi wa motarmu kaɗan. Dole ta tsaya a bakin titi, a haɗa mesa da mesa har su kai ciki, direbanmu kuma sabo ne, bai gama sanin injin ruwan ba. Sajan ya dube shi, ya dubi hayaƙin, ya ce da ni, “Shiga ka ga mutane, ina zuwa da ruwa. Ka tambaya fa.” Wannan ne karo na farko da ya tura ni gaba ni kaɗai. Na saɓi gatari na ruga, kuma ina jin kunyar rubuta wannan, amma daɗi nake ji.

Gidan gandu ne, na wani tsohon malami da 'ya'yansa maza biyu da matansu. Mazan suna wurin aiki. Ɗakuna uku ne a jere, rufin kwano da silin. Wutar ta tashi a na tsakiya, inda aka ajiye fetur, ta hau silin tana bin hagu da dama. Tsakar gida cike da mutane, maza da mata a cakuɗe, abin da ba a taɓa gani ba a gidan. Masu bokiti suna watsa ruwa inda bai kai ba. Na hango tsohon a tsaye da carbi, rawaninsa ya warware.

Na ce, “Baba, akwai wanda ya rage a ciki?”

Ya ce, “Na ƙirga jikokina, ɗana, duk ga su nan. Jaririn matar ƙaramin ɗana ne kawai ba mu gani ba.”

Ba sai ya nuna mini ita ba. Tana can gefen gabas, ɗankwali ya faɗi, mata uku sun riƙe ta, tana ihu tana miƙa hannu wajen ɗakinta. “Ɗana! Ku sake ni! Yana kan gado!” Wani ɓangare na zuciyata ya gane wurin sarai. Na taɓa ganin wannan, na san abin da ke biye.

Na ɗaga ƙafa ke nan sai wata mata ta matso kusa da ni. Doguwa ce siririya, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, mayafinta a rufe ruf, kanta a sunkuye. Wata tsohuwa tana riƙe da gefen zanenta tana cewa, “Ki bar kayan nan, 'yar nan, kwanoni ne, a sayi wasu.” Matar ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar hanya.

“Malam, akwai yarinya a ɗakin can na yamma.”

Na ce, “'Yar wa?”

Ta saci kallon tsohon, ta mayar da ido ƙasa. “Ta Tudun Jukun ce. Ɗazu aka kawo ta.”

Tsohon ya tsinkayi kalmar “yarinya” kawai. Ya ce, “Wace yarinya kuma? Ga yaranki biyu nan a bayana. Babu kowa, ɗana, na ƙirga.”

Na dubi ɗakin yamma. Ƙofar a rufe take, hayaƙi yana fita ta samanta, amma wuta ba ta sauko ba tukuna. Na dubi na gabas, shi ma haka. Nisan ɗaya ne. Ni kaɗai ne, kuma ɗaki ɗaya zan iya fara shiga. Matar ta fizge zanenta daga hannun tsohuwar ta sha gabana, abin da matar aure ba ta yi wa baƙon namiji.

Ta ce, “Tana kwance a ƙurya. Ba ta da lafiya.”

Na tuna abin da ya zo mini a rai, kalma da kalma. Na ce wannan 'yar maƙwabta take nufi, ƙila yarinyar ta daɗe da fita. Da da gaske akwai yarinya a ciki, da uwarta tana nan tana tsaga gari da ihu. Wannan ko hawaye babu a idonta. Ga kuma mai gida ya ce ya ƙirga. Na ce, “Matsa, baiwar Allah, zan dawo,” na kauce mata na nufi gabas.

Na daki ƙofar da ƙafa na shiga a durƙushe kamar yadda aka koya mana. Ba a ganin komai. Na lalubi gadon ƙarfe, na shafa katifa daga kai har ƙafa, babu jariri. Na ce ko ya gangaro, na shiga ƙarƙashin gado ina ture kwanoni da tasoshi, suna zubowa a kaina. Na laluba bayan akwati. Na kama wani abu mai taushi, ashe zanen goyo ne a dunƙule. Silin ya fara zubo da wuta a bayana. Ban san minti nawa na yi ba. A wajen bincike daga baya na ce uku, amma na san sun fi haka, domin na ƙi fita. Jarumi ba ya fitowa hannu biyu.

Da numfashi ya gagare ni na rarrafo waje ina tari kamar zan amayar da hanjina. Abin da na fara gani shi ne matar nan mai ihu a zaune a ƙasa, da jaririnta a ƙirji, tana ba shi nono tana shessheka. Wata maƙwabciya ce ta sure shi tun ƙarar farko ta fita da shi ta ƙofar baya, ta kai shi gidansu, sai yanzu ta dawo. Mutane suka yi caa a kaina, wani yana zuba mini ruwa, wani yana cewa sannu, namijin duniya. Na yi ajiyar zuciya. Har na fara murmushi.

Sai na waiwaya yamma. Wuta ta riga ta sauko ta kama ƙofar da rumfar zanan da ke gabanta. Mutum biyu cikin namu suna riƙe da mesa suna feshi, Sajan kuma ya lulluɓa jiƙaƙƙen buhu yana saran ƙofar. Ta faɗi, ya shige. Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a kan kwano. Da ya fito, yarinya ce a hannunsa, 'yar kimanin shekara bakwai, da kitso sabo, hannunta ɗaya yana lilo. Wuta ba ta taɓa ta ba in ban da gefen ƙafa. Amma bakinta da hancinta baƙi ƙirin, kuma ƙirjinta da ƙyar yake motsi.

Ya shimfiɗe ta a kan tabarma ya ce, “Ku ja baya. A ba uwar hanya.”

Wallahi sai na shiga waige-waige ina neman uwar. Na dubi zaure, ina jiran wata mata ta faɗo da gudu daga Tudun Jukun. Sajan ya ɗago ya dube ni, ya nuna da haɓa. Doguwar matar nan ce. Ta tako a hankali, ta durƙusa a gefen tabarmar, ba ta rungume ta ba, ba ta yi kuka ba. Ta sa bakin mayafinta tana share wa yarinyar baƙin da ke hancinta. Tsohon ya matso ya leƙa fuskar yarinyar, carbin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, “Innalillahi. Yaushe aka kawo ta?”

Sai a lokacin na gane. 'Yar farinta ce. Tun da aka yaye ta kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta, a Tudun Jukun ta tashi, shi ya sa tsohon bai sa ta a lissafin yaran gidan ba. Da safen ranar kawunta ya kawo ta a kan babur da zazzaɓi, don uban ya kai ta asibiti in ya taso daga aiki. Uwar ta shigar da ita ƙurya ta kwantar, ta ja ƙofa don kada yara su dame ta, ta tafi madafi. Ba ta yi shela ba. Wace uwa ce za ta bi gida tana sanar da surukai cewa 'yar farinta ta zo?

Wannan ne abin da har yau yake hana ni sakewa. Ni Bahaushe ne, haifaffen cikin ganuwa. Na san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane, balle a gaban suruki. In an tambaye ta 'yar wa ce sai ta ce ta gidan wane ce. A gidanmu aka yi haka. Yayata ita ce ta fari, kuma har mahaifiyarmu ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira ta da wani abu ba sai “ke” ko “waccan”. Ina yaro na san cewa idan Inna ta yi maganar wani ɗa kamar ba ta san shi ba, to nata ne. Matar nan ta gaya mini ita ce uwar da duk hanyar da aka koya mata. Satar kallon da ta yi wa tsohon kaɗai ya isa. Da a bikin suna ne ko a bakin rijiya da na gane nan take. Amma da na ga wuta sai na ajiye abin da na sani tun ina goye, na shiga neman matar da na saba gani a allon silima.

Na sha jin masu ilimin zamani suna cewa ai irin wannan al'ada ce take kashe mutane, kuma raina yana ɓaci in na ji. Matar ta yi magana. Ta fizge daga hannun tsohuwa, ta tare namiji baƙo a gaban surukinta. Wanda bai yi aikinsa ba yana nan, shi ne yake rubuta wannan.

Wani maƙwabci ya kawo mota aka tafi da yarinyar asibiti, da uwar da tsohuwa ɗaya. Mu muka tsaya muka ƙarasa kashe wutar, muka naɗe mesa. Sajan bai ce mini komai ba a hanya, bai ce mini komai ba a ofis. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Washegari da na tashi aiki na tafi asibitin na tsaya a baranda kamar mai jiran wani. Da la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta fito, na tambaye ta, ta ce yarinyar ta cika tun azahar, hayaƙi ya riga ya gama da huhunta. Na ce, da an fito da ita da minti biyar kafin nan fa? Ta dubi kakin da ke jikina, ta daɗe tana dubana, ta ce, “Allah ne ya san wannan, Malam.” Ba ta ce a'a ba.

Sajan yana da al'adar zuwa gaisuwa duk gidan da muka yi aiki aka rasa rai. Ranar sadakar uku ya ce in shirya. Na ce ba ni da lafiya. Ya ce in shirya. Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, bangon zaure har yanzu yana warin ƙauri. Muka yi addu'a, muka shafa. Sai tsohon ya gane ni. Ya kamo hannuna da hannu biyu ya juya wajen jama'a.

Ya ce, “Ku ga yaron nan. Shi ne ya faɗa cikin wuta saboda jikana, bai ji tsoron ransa ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya ba ka masu yi maka.”

Jama'a suka amsa da amin. Uban yarinyar, wanda ban taɓa gani ba sai ranar, ya taso ya ba ni hannu, idonsa jajir, ya ce ya gode. Na so ƙasa ta buɗe. Ashe matar ba ta gaya wa kowa ba. Daga cikin gida ana jin muryoyin mata masu shiga gaisuwa, kuma na san yadda ake yi: kakar za a yi wa ta'aziyya, ita aka yi wa rashi a idon mutane. Uwar tana gefe tana miƙa wa baƙi ruwa.

A hanyar komawa muna tura kekunanmu, don Sajan ya ce ƙafarsa tana ciwo. Mun kusa titi na kasa daurewa. Na ce, “Baba Sajan, kai ba ka tambayi kowa ba ranar nan. Da mesa kawai ka shigo. Yaya aka yi ka san tana ciki?”

Yana tura kekensa ya ce, “Sau nawa matar ta yi maka magana?”

Na ce, “Sau biyu.”

Ya ce, “Uku. Ina shigowa daga zaure kana bakin ƙofar gabas, ka ba ta baya. Sai ta kira sunan yarinyar. Sunanta na yanka, a gaban surukinta, a gaban maza. Na ga tsofaffin matan nan duk sun waiwayo sun riƙe baki. Da haka na gane.”

Na tsaya cak a tsakiyar lungu. Na ce, “Wallahi ban ji ba.”

Ya ce, “Na san ba ka ji ba. Shekara bakwai ba ta taɓa furta shi ba, ai ba zai fito da ƙarfi ba.”

Ya ci gaba da tura kekensa. Ni na tsaya ina auna tsakar gidan a raina, daga inda na bar ta zuwa ƙofar da na daka. Bai fi taku biyar ba.